Julia Mann: ɗiyar Birazil da ta haifa wa Jamus manyan marubuta biyu

 Yau tarihin namu zai yi nisa da gida, don haka a gyara zama.

Duk wanda ya zauna ajin lise cikinmu, ko bai karanta littafinsa ba, ya taɓa jin sunan Thomas Mann, Bajamushen da ya samu kyautar Nobel ta adabi a shekara ta 1929. Littattafansa da Faransanci muka san su: Les Buddenbrook, La Mort à Venise, La Montagne magique. Yana da wa, Heinrich Mann, shi ma babban marubuci, wanda daga littafinsa aka yi tsohon fim ɗin nan L'Ange bleu a 1930, fim ɗin da ya fito da sunan Marlene Dietrich a duniya. In ana lissafin waɗanda suka fi iya sarrafa harshen Jamusanci a ƙarni na 20, waɗannan ƴan uwa biyu suna sahun gaba. To amma abin da mushe bai faɗa mana a lakwal ba shi ne, matar da ta haife su har ta kai shekara 7 a duniya ba ta san kalma ɗaya ta Jamusanci ba. Labarinta muka kawo muku.

Sunanta Julia da Silva Bruhns. An haife ta ranar 14 ga watan Agusta 1851 a yankin Parati, wani ƙaramin gari na bakin teku a ƙasar Birazil, kusan kilomita 250 daga Riyo di Janero. Ubanta Bajamushe ne, Johann Ludwig Bruhns, mutumin birnin Lubek da ke can arewacin Jamus. Tun yana saurayi ya tafi ci-rani Birazil, kasuwa ta karɓe shi, ya shiga fataucin kafe da sukari, ya mallaki gonaki, har mutanen wurin suka juya sunansa zuwa nasu harshe suna kiransa João Luiz Germano. Ya auri ɗiyar masu gonaki, Maria Luiza da Silva, ƴar gidan da asalinsu ya fito daga Fotugal, ƴan ɗariƙar Katolika. Julia ce ta huɗu cikin ƴaƴansu biyar. A gida Dodo ake ce mata, kuma kada sunan ya ba ku tsoro, ba dodon tatsuniyarmu ba ne, sunan shagwaɓa ne kawai.

Shekaru da yawa bayan haka, da kanta ta rubuta yadda yarintar ta kasance. Ta ce a cikin daji aka haife ta, tsakanin birai da aku, iyayenta suna kan hanya daga wata gona zuwa wata. Gidan yana tsakanin teku da kurmi. Yarinya tana yawo ba takalmi, tana tsintar kifin kwanso a kan duwatsu, tana shan rake, ƴaƴan itace ko'ina, ga macizai da ake gargaɗin yara a kansu. Wanda ya karanta zai ce aljannar duniya ce.

Sai dai mu nan dole mu tsaya mu tambaya: wa ke noma raken? Bayi ne, jama'a, kuma daga Afirka aka kwaso su. Babu ƙasar da aka kai bayi daga nahiyarmu kamar Birazil, sama da mutum miliyan 4. Shekara ɗaya kafin haihuwar Julia, a 1850, aka yi dokar hana shigo da sababbin bayi, amma bautar kanta ba a soke ta ba sai ranar 13 ga Mayu 1888, kuma Birazil ce ta ƙarshe a duk nahiyar Amurka. Har da Hausawa cikin waɗanda aka kai, akasari can arewa a jihar Bahiya, inda aka san su da shirya bore tun 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka tayar da babban boren birnin Salbado a watan azumin 1835. Parati na da nisa da Bahiya, amma tsarin ɗaya ne. Dukiyar da ta raini Dodo guminsu ce. Kuma hannun da ya goya ta ma na wata baiwa ce baƙar fata mai suna Anna. Ku riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da ita.

A 1856 uwar ta rasu wajen haihuwa, tana da ƙuruciyarta, ko shekara 30 ba ta kai ba. Julia na ƴar shekara 5 ko ƙasa da haka kaɗan. Uban ya zauna ya yi tunani irin na mazan da suka yi aure a ƙasar wasu: yaran nan in sun girma a nan, ƴan Birazil za su zama, ƴan Katolika, masu magana da Fotugisanci. Shi kuma Jamusawa yake so. A 1858 ya kwashe su duka, da Anna, suka hau jirgin ruwa, makonni a kan teku, sai Turai.

Lubek tsohon birnin fatake ne kusa da tekun Baltik, gine-ginen jan bulo, dogayen hasumiyoyin coci, sanyi da hazo rabin shekara. A lokacin birnin yana mulkin kansa ne, da majalisar attajirai da lauyoyi, kowane gida an san kakan kakansa. Mutanen wurin ƴan Furotesta ne mabiya Luther, masu tsimi, masu lissafi, marasa son hayaniya. Nan aka sauke yarinyar da ta saba gudu ba takalmi. An ce ranar da ta fara ganin dusar ƙanƙara ta ɗauka sukari ne aka zuba a titi. Anna kuwa in ta fita da yaran, ƴan gari ke biyo su a baya suna kallo, don da yawansu ba su taɓa ganin baƙin mutum ba.

Uban bai daɗe ba. Ya saka Julia da yayarta a wata lakwal ta kwana ta ƴan mata wadda wata mata mai suna Therese Bousset ke riƙe da ita, ya koma Birazil wajen harkokinsa. Ya tafi da Anna. Ku lissafa da mu abin da aka raba yarinyar nan da shi cikin shekara biyu zuwa uku: uwa ta rasu, uba ya haye teku, wadda ta goya ta an mayar da ita bauta, gida ya tafi, rana ta tafi. Addinin ma an canja mata, daga Katolika zuwa ɗariƙar Luther. Harshen kuma a hankali ya zube, tunda babu mai yi mata magana da shi, sai ƴan kalmomi da waƙoƙin yara da suka maƙale mata a ka. Ko sunanta ya canja sauti: a Birazil harafin farko kamar yadda Faransawa ke faɗinsa yake, a bakin Jamusawa kuwa sai ya koma Yuliya. Mun san riƙo a ƙasarmu, mun san yaron da aka kai wajen gwaggo ko kaka a wani gari. Amma ko ɗan riƙo yakan ji ana kiran abinci da sunan da ya sani. Ita ba ta samu ko wannan ba. Kakarta ta wajen uba tana garin, ranar Lahadi akan kai su wajenta, shi ke nan.

Allah sarki, yarinya ta jure. Ta koyi Jamusanci har ta fi wasu ƴan gari, ta koyi Faransanci da Turancin Ingila kamar yadda ake koya wa ƴaƴan manya, ta ƙware a piyano da waƙa. Ta kuma zama kyakkyawa irin wadda ba a saba gani ba a garin, baƙin gashi, idanu masu duhu. A 1869, tana da shekara 17, aka ɗaura mata aure da Thomas Johann Heinrich Mann, wanda ya girme ta da shekara 11. Gidan Mann gidan fataucin hatsi ne tun 1790, suna da rumbuna a bakin kogi da hannun jari a jiragen ruwa. A 1877 aka zaɓi mijin sanata, wato ɗan majalisar da ke mulkin birnin, muƙamin da sai mutuwa ke raba mutum da shi, kuma daga baya harkar haraji, lanho ke nan, ta dawo hannunsa. Marainiyar lakwal ta kwana ta zama matar sanata.

Ta haifi biyar. Heinrich a 1871, wanda cikakken sunansa Luiz Heinrich, kun ga Birazil ta leƙo ta nan. Thomas a 1875. Julia ƙarama, da ake ce wa Lula, a 1877. Carla a 1881. Sai auta Viktor a 1890, bayan tazarar shekara 9.

A ido komai ya yi. Babban gida, barori, liyafa da raye-raye na manyan gari, ita ce uwar ɗaki. Amma garin bai taɓa mantawa da cewa daga waje ta zo ba. Dariyarta ta yi ƙarfi, son kiɗanta ya yi yawa, tana jin daɗin hira da makaɗa da hafsoshin soja da ƴan wasan kwaikwayo fiye da zaman matan attajirai. Babu laifin da aka kama ta da shi, amma kun san yadda unguwa take da matar da aka auro daga nesa. Ko shekara 30 ta yi, ko ta haifi magajin gida, in ta yi atishawa sai a ce halin ƙasarsu ne.

Abin da ya fi muhimmanci a tarihi a cikin ɗaki ya faru, da maraice. Tana zama gaban piyano tana kaɗa kiɗan Chopin, tana rera waƙoƙin Schubert da Schumann da Brahms, yaran suna zaune suna saurare. Thomas ya sha faɗa cewa a nan ya fara sanin kiɗa, kuma duk wanda ya karanta shi ya san yadda kiɗa ya ratsa littattafansa daga na farko har na ƙarshe. Tana karanta musu tatsuniyoyi. Abin mamaki, tana karanta musu littattafan Fritz Reuter, marubucin da ke rubutu da karin harshen ƙauyawan arewacin Jamus, kuma Thomas ya ce ta iya karin nan sosai duk da bakinta na baƙuwa. Sannan tana ba su labarin can: teku, aku, macijin da wani bawa ya kashe don ya cece ta, da Anna. Yaran attajiran Lubek nawa ne suka kwanta barci da irin wannan labari a kunne? Uban ya ba su tsari da haƙurin zama kan aiki kullum kamar mai tsaron kanti. Ita ta ba su kunne da sha'awar ba da labari. Thomas da kansa haka ya raba gadon, kuma mu ma ba mu ga dalilin musa masa ba.

Ranar 13 ga Oktoba 1891 sanata ya rasu da ciwon daji na mafitsara, yana da shekara 51, shekara ɗaya bayan an yi bikin cikar kamfanin shekara 100. Da aka buɗe wasiyyarsa sai aka ga abin da ke ransa. Ya ce a rufe kamfanin, a sayar da komai, har gidan. Ya duba manyan ƴaƴansa biyu bai ga ɗan kasuwa ba ko ɗaya. Ya ce a yi ƙoƙari a hana Heinrich wannan shirme na rubuce-rubuce. Matarsa kuwa bai danƙa mata dukiyar ba, ya sa ta hannun wasu mazan gari su riƙa juya ta, ita sai dai a ba ta abin da kuɗin suka haifa. Har ya bar mata nasiha cewa ta riƙe yaran da ƙarfi, in ta ji zuciyarta na yin laushi ta karanta wasan Shakespeare na Sarki Lear, wato labarin tsohon da ya raba wa ƴaƴansa dukiya tun yana raye suka wulaƙanta shi. Bayan shekara 22 na aure, iyakar yardar da ta samu ke nan.

Me ta yi? Ta yi biyayya ga rabin wasiyyar da doka ta tilasta mata, ɗaya rabin kuma ta ajiye shi gefe. Littafin roman na farko da Heinrich ya fitar a 1894, ita ta biya kuɗin buga shi. Kuɗin wata-wata da take ba su daga gadon su suka ba ƴan uwan biyu damar zama a Italiya, a Roma da wani ƙaramin gari Palestrina, tsakanin 1896 da 1898, babu aikin ofis, babu kanti, sai takarda da alƙalami. A can Thomas ya fara rubuta Les Buddenbrook. Da yana neman bayanin yadda kakanninsa suka rayu, gida ya aika, aka turo masa tsofaffin takardun iyali da wasiƙu, har da yadda ake dafa abincin biki. Mu dai a ganinmu, da matar nan ta bi maganar mijinta sau da ƙafa, da Jamus ta samu ƙarin akawu biyu marasa jin daɗin aikinsu, da babu Nobel ɗin 1929.

Lubek kuwa ba ta ƙara zama ba. A 1893 ta kwashi ƙananan yaran ta koma Munik, can kudancin Jamus, birnin masu zane da makaɗa, kuma birnin Katolika, mai bukukuwan titi da mutane masu sakin fuska. Thomas ya biyo su a 1894. Shekara 35 ta yi a Lubek, amma da igiyar auren ta tsinke ko waiwaye ba ta yi ba. Garin ma bai yi kewarta ba: wani babban pasto na wurin ya kira su lalataccen gida, maganar ta koma kunnen Thomas, bai kuma manta ba. Da littafin ya fito a 1901, yana da shekara 26, mutanen Lubek suka gane kansu a ciki ɗaya bayan ɗaya, har ana yawo da takarda mai nuna wane ne wane. Sun ji haushi ƙwarai. Yau kuwa gidan kakannin Mann da ke titin Mengstrasse shi ne abin da garin ke nuna wa baƙi da alfahari.

Wanda ya san labarin uwar zai yi ta ganinta a littattafan ƴaƴan. A Les Buddenbrook matar magajin gida baƙuwa ce daga Amsterdam, mai kaɗa goge irin na Turawa, wadda gari bai taɓa fahimtarta ba. A Tonio Kröger na 1903 uwar yaron kyakkyawa ce mai baƙin gashi da uban ya ɗauko daga can ƙasan taswira, kuma duk labarin a kan yaron da ya rasa ko shi na uba ne ko na uwa yake. Heinrich ya fi fitowa fili: a 1907 ya fitar da wani roman da sunansa ke nufin “tsakanin jinsuna”, labarin yarinyar da aka ɗauko daga Birazil aka ajiye a lakwal ta kwana a Jamus. Amma ku lura, Thomas ya fi son ya ɓoye ainihin wurin. Ya ce Amsterdam, ya ce kudu, ya ce Bohemiya. Kalmar Birazil da wuya ta fito daga alƙalaminsa. Akwai dalili. A Jamus ta wancan zamani masu aƙidar tsarkin jini sun fara ƙarfi, kuma wani mai sharhin adabi, Adolf Bartels, sanannen maƙiyin Yahudawa, ya riƙa tonon asalin uwar don ya nuna cewa ƴan gidan Mann ba cikakkun Jamusawa ba ne. Mutumin da ke son a kira shi muryar Jamus, kun ga ba zai so a yi ta maganar gonar rake ba.

Ita kuwa a 1903, tana da shekara 52, ta zauna ta rubuta nata. Ɗan ƙaramin littafi ne na tunawa da yarintar Dodo, don ƴaƴanta ta yi shi, kuma ba ta ce “ni” ba a ciki, sai “Dodo ta yi kaza, Dodo ta ga kaza”, kamar tana ba da labarin ɗiyar wasu. Da Jamusanci ta rubuta shi. Harshen da abubuwan suka faru a cikinsa ya riga ya tafi.

Daga nan rayuwa ta fara yi mata ɗaci. Ta bar Munik ta koma ƙauye, wani wuri mai suna Polling a jihar Bavariya. Thomas ya auri Katia Pringsheim a 1905, ɗiyar wani farfesa mai dukiyar gaske, kuma tsohuwar matar sanata ta ji kanta ƙarama a gaban surukan. Carla, ƙaramar ɗiyar, ta shiga wasan kwaikwayo, ta yi shekaru tana yawo daga ƙaramin dandali zuwa wani ba ta yi suna ba. Ta samu wanda zai aure ta, maganar ta lalace. Ranar 30 ga Yuli 1910, a gidan uwar a Polling, ta shige ɗaki ta kulle ƙofa ta sha guba. Uwar tana waje tana bugun ƙofa. Carla na da shekara 28. Inna lillahi. Waɗanda suka san Julia sun ce daga ranar ba ta sake komawa daidai ba. Ta zama mai gudun mutane, ba ta iya zama wuri ɗaya, daga wannan masauki zuwa wancan, da akwatunanta.

Sai yaƙin duniya na farko ya zo a 1914 ya raba mata manyan ƴaƴan. Thomas ya goyi bayan yaƙin, ya rubuta cewa Jamus na kare al'adarta ne. Heinrich, mai son Faransa da mulkin jamhuriya, ya ce wannan hauka ne da zalunci. A 1915 ya fitar da wata maƙala a kan marubucin Faransa Emile Zola, a ciki ya yi habaici ga marubutan da ke yi wa masu mulki kirari don neman suna. Thomas ya gane da shi ake. Ya mayar da martani da littafi sukutum mai shafi wajen 600, wanda ya fito a 1918. Gari ɗaya suke, Munik, amma shekara bakwai ba sa ga maciji. Jaridu suna jin daɗi, ana cewa Jamus biyu ce ke faɗa a gida ɗaya. Tsohuwa kuma tana tsakiya, ta rubuta wa wannan, ta lallashi wancan, ga auta Viktor a cikin soja. Duk uwar da ta taɓa raba kwanon abincin sallah biyu don ƴaƴanta ba sa zama tabarma ɗaya ta san abin da muke faɗa. Sai a Janairun 1922, da Heinrich ya kwanta ciwo mai tsanani aka yi masa aiki har ana fid da rai, Thomas ya aika masa furanni da ƴar takarda, aka shirya. Ta ga wannan da idonta, kuma shi ne alheri na ƙarshe da duniya ta yi mata.

Don kuɗin ma sun gudu. Bayan Jamus ta sha kaye, kuɗin ƙasar, maki, ya fara narkewa. Kafin yaƙi dalar Amurka ɗaya maki 4 ce da ɗan ɗori. A watan Maris 1923 ta haura maki 20,000, kuma kafin ƙarshen shekarar lissafin ya wuce abin da baki zai iya faɗa. Duk wanda ke rayuwa da ajiyar gado, irin Julia, ya wayi gari da takardun banza a hannu. Dukiyar hatsi ta shekara 100, wadda sanata ya ƙi yarda ya danƙa wa matarsa don kada ta salwanta, ta salwanta a hannun masu lissafi. Ita kuma ba ta son zama nauyi a kan kowa.

Ta rasu ranar 11 ga Maris 1923 a ɗakin wani ƙaramin otel a Wessling, kusa da Munik, tana da shekara 71. Ƴaƴanta maza uku sun zo wajenta. Viktor, a littafin da ya rubuta kan gidansu wanda ya fito a 1949, ya ba da labarin wani abu da ya girgiza shi. Ya ce duk rayuwarsa ya san uwarsa da Jamusanci mai tsabta, da ɗan karin Lubek. Amma a kan gadon nan, da ƙarfi ya ƙare, sai maganarta ta canja, sautin can ƙetaren teku ya dawo bakinta, kamar na yarinyar da aka sauke daga jirgi shekara 65 da suka wuce. A Munik aka rufe ta.

Mutuwa ta rufa mata asiri daga abubuwa biyu. A 1927 Lula ma ta kashe kanta. A 1933 kuma Hitler ya hau mulki. Heinrich ya tsere zuwa Faransa a watan Fabrairu, aka ƙona littattafansa a bainar jama'a, kuma sunansa na cikin jerin farko na waɗanda aka ƙwace wa takardar zama ɗan ƙasa a watan Agusta na shekarar. Thomas yana waje lokacin, ƴaƴansa suka ce kada ya dawo, ya zauna Suwis, a Disamban 1936 shi ma aka ƙwace tasa. Daga baya duk biyun suka ƙare a Kaliforniya ta Amurka. Heinrich, wanda a Jamus ake tashi tsaye in ya shigo, ya tsufa a can cikin talauci, ba mai karanta shi, Turancin ma bai zauna masa a baki ba, har ya rasu a 1950. Abin da uwar ta ɗanɗana tana ƴar shekara 7, shi ya ɗanɗana yana da 70.

A nan ne Thomas ya fara waiwayar Birazil da baki buɗe. Tun a Disamban 1929, kwanaki kaɗan bayan Nobel, wani matashin ɗan jarida na Birazil, Sérgio Buarque de Holanda, wanda daga baya ya zama babban masanin tarihin ƙasarsu, ya same shi a wani otel a Barlin ya tambaye shi ko gaskiya ne uwarsa ƴar can ce, ya ce ƙwarai kuwa. A watan Afrilu 1943 kuma, yana gudun hijira, ya rubuta wa wani ɗan Ostiriya da ya fake a Sao Paulo cewa kullum yana sane da jinin Latin Amurka da ke jikinsa, kuma tunda ya rasa ƙasar uba, ya kamata ya je ya ga ƙasar uwa. Bai je ba. Ya rasu a Zurik a 1955. Cikin ƴaƴanta biyar babu wanda ya taka Parati.

Sai jikan Thomas, Frido Mann, ya je a shekarun 1990, ya ga gidan gonar da ake kira Boa Vista a bakin ruwa, ya yi ta fafutukar a mayar da shi cibiyar al'adu. Garin Parati kansa tun 2003 yake karɓar wani babban bikin adabi da marubutan duniya ke zuwa, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ɗan littafin Dodo kuwa, inda sunan Anna ya tsira, yana cikin takardun iyali har ƴaƴan duka suka mutu. An buga shi a 1958, shekara 100 cif bayan jirgin da ya kawo su Turai.

Mu kwana nan. Sai mun ji daga gare ku.